Wace Zabura Ce Za Mu Rera Ranar Jana'iza?

   

Yau za mu yi nazari a kan wata tambaya da takan zo wa iyali a lokacin da ba su da ƙarfin yin tunani. An yi rasuwa, gida ya cika da masu ta'aziyya, ana neman kuɗin akwati, ana aika wa dangi na nesa. Ana cikin haka sai katikis ko shugaban mawaƙa ya zo ya ce, "Fada yana tambaya, wace zabura kuke so a rera gobe?" Da yawa cikinmu mukan ce, "Ku zaɓi kowacce," ko kuwa mu ambaci ta 23 domin ita kaɗai muka haddace. Ba laifi ba ne. Amma akwai taska a nan wadda muke bari a rufe, kuma ranar makoki ce ranar da muka fi bukatarta.

Za mu bi tsarin Ikkilisiyar Katolika ne, amma 'yan'uwanmu na sauran ikkilisiyoyi kada su ce ba da su ake ba. Littafin Zabura namu ne duka.

Aikin zabura a cikin jana'iza

A tsarin Katolika jana'iza takan tsaya a wuri 3: addu'ar dare a gidan makoki, hadayar Mas a majami'a, sa'an nan binnewa a makabarta. Majalisar Batikan ta Biyu ta umarta a 1963 cewa a gyara tsarin jana'iza domin ya bayyana a sarari cewa mutuwar Kirista tana haɗe da mutuwar Almasihu da tashinsa. Sabon littafin ya fito a 1969. Tun daga nan aka ba iyali da firist dama su zaɓi karatu da zabura daga cikin waɗanda aka jera.

A cikin Mas, zabura takan zo bayan karatu na fari. Allah ya yi mana magana cikin karatun, mu kuwa sai mu amsa masa. Mai rera ya ɗauki baiti, jama'a su yi amshi. Ku lura da abin da yake faruwa a nan. Mai makoki bakinsa yakan mutu. Gwauruwa ba ta san abin da za ta ce wa Allah ba, maraya kuma haka. Sai Allah da kansa ya sa musu kalmomi a baki, kalmomin da Ruhunsa ya hure, jama'a kuma su ɗauka tare da su. Saboda haka ne Ikkilisiya ba ta yarda a cire zabura a sa wata waƙa a madadinta ba, ko da waƙar da marigayi ya fi ƙauna ce. Waƙar nan tana da wurinta, a lokacin shiga, ko lokacin baiko, ko lokacin fita. Wurin zabura kuwa na zabura ne.

Wannan ya nuna mana abin da za mu duba wajen zaɓe. Zaburar jana'iza addu'ar masu rai ce a gaban Allah saboda mamaci da kuma saboda kansu. Wadda ta dace ita ce wadda ta faɗi gaskiyar abin da yake cikin zuciyar gidan nan, ta kama hannunsu daga inda suke ta kai su ga bege.

Zabura 10 da lambobinsu

Littafin karatun Mas ya jera zabura 10 domin jana'izar manya. Ga su bisa ga lambobin Littafi Mai Tsarki na Hausa: 23, 25, 27, 42 haɗe da 43, 63, 103, 116, 122, 130, da 143. Domin yaron da aka yi wa baftisma an jera 23, 25, 42 da 148. Domin jaririn da ya rasu kafin baftisma an ba da 25.

Kafin mu ci gaba, ga gargaɗi. Lambobin zabura iri 2 ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun fassarar 1932 wadda Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi, yana bin ƙidayar Ibrananci. Tsofaffin littattafan addu'a na Katolika kuwa suna bin ƙidayar Helenanci da Latin, inda aka haɗa ta 9 da ta 10 suka zama ɗaya. Don haka a yawancin littafin lambar Katolika ta dā tana baya da ɗaya. Zaburar makiyayi ita ce 23 a Hausa, amma 22 a tsohuwar ƙidaya. Ta 130 ita ce 129. Ta 116 kuwa an raba ta biyu, 114 da 115. In tsohuwa ta ce tana son ta 22 domin haka ta sani tun tana yarinya, mai karatu kuma ya buɗe ta 22 a Littafi Mai Tsarki na Hausa, abin da jama'a za su ji shi ne kukan wanda yake ganin Allah ya yashe shi, alhali makiyayi ta nufa. Saboda haka in kun ba da lamba, ku faɗi abin da zaburar take magana a kai, a tabbatar tun da dare.

Tambaya ta fari: yaya mutuwar ta zo, su wa ta bari?

Mutuwa rigar kowa ce, amma ba iri ɗaya take shiga gida ba. Bari mu ɗauki zaburan nan mu auna su da abubuwan da muke gani kullum a nan Kano. Majami'unmu suna wajen ganuwa, a Sabon Gari da sauran unguwanni da ƙauyuka, amma muna ratsa Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Nassarawa wajen neman abinci, kuma tsohon birnin nan yana iya buɗe mana ma'anar Littafi.

In dattijo ne ya cika da shekaru, ya ga jikoki, ya tafi cikin salama, ku duba Zabura 122. Tana cikin waƙoƙi 15, daga 120 zuwa 134, waɗanda masu ziyara suke rerawa a kan hanyar haurawa Urushalima. Mai zabura yana murna domin tafiya ta ƙare, ƙafafunsa sun shiga ƙofar birni. Kakanninmu fatake sun san wannan murna. Ayari ya yi wata da watanni a hanya daga Gwanja da kayan goro, ranar da suka hango Dala da Gwauron Dutse gajiya takan gushe. Haka dattijon nan ya iso ƙofar birnin Allah. Zabura 116 ma ta dace da irinsa, domin tana koya mana cewa mutuwar amintattu tana da daraja a wurin Ubangiji. Tana cikin zaburan da Yahudawa suke rerawa a Idin Ƙetarewa, daga 113 zuwa 118, idin da Yesu ya ci da almajiransa a daren da aka bashe shi.

In mutuwa ta zo farat ɗaya, hatsarin mota a hanyar Zariya, ko mace ta rasu wajen haihuwa, kada mu hanzarta sa wa iyali waƙar murna a baki. Ku ba su 42 da 43. A can mai zabura bai ɓoye kome ba. Hawaye sun zama masa abinci, mutane suna yi masa ba'a suna tambaya ina Allahnsa, yana tuna kwanakin da yake tafiya sujada cikin taro. Sau 3 yana juyowa ya yi wa ransa magana, ya ce masa ya dogara ga Allah. Sau 3, domin zuciya mai rauni ba ta ji da faɗa ɗaya. Zabura 63 'yar'uwarta ce, addu'ar Dawuda a jejin Yahudiya. Wanda ya san bazarar Kano a watan Afrilu, ƙasa ta tsage, rijiya ta ja baya, ya san irin ƙishin da ake nufi. Mai ƙishi bai musunci ruwa ba, nemansa yake yi. Haka mai makoki da yake kuka ga Allah, kukan nan bangaskiya ce.

In marigayi ya bar ƙananan yara, ko gwauruwa wadda ba ta san inda za ta sa kanta ba, Zabura 27 tana da magana dominsu. Tana kiran Ubangiji haske da mafaka, tana tabbatar wa wanda ya rasa uwa da uba cewa Ubangiji zai ɗauke shi, ta ƙare da kira a jira shi da ƙarfin zuciya. Zabura 23 kuma a nan take nuna ƙarfinta. Mun saba da ita har muna mantawa cewa akwai kwari mai duhu a tsakiyarta. Dubi Bafulatani da garkensa a lokacin rani. Ba ya aika dabbobi su ratsa daji su kaɗai, da sandarsa yake tafiya tare da su har mashaya. Abin da za mu so yaran nan su riƙe ke nan.

Akwai kuma gidan da baƙin cikinsa ya haɗu da tsoro. Marigayi ya daɗe bai shiga majami'a ba, ko ya tafi da rigima tsakaninsa da 'yan'uwa, ko rayuwarsa ta bar abin da ba a so a faɗa. Iyali suna tambaya a ɓoye, yaya zai tsaya a gaban Allah? Kada mu rufe wannan da yabon ƙarya. Ikkilisiya ta tanadi 130, 143, 25 da 103. Ta 130 da ta 143 suna cikin zabura 7 na tuba. Ta 143 tana roƙon kada Allah ya shiga shari'a da bawansa, domin ba mai rai da zai kuɓuta da adalcin kansa. Ta 25 tana roƙon a manta da zunuban ƙuruciya. Ta 103 tana tuna mana cewa Allah ya san da ƙasa aka yi mu, kwanakinmu kamar ciyawar da iskar hunturu takan busar, amma tausayinsa irin na uba ne ga 'ya'yansa.

Bari mu daɗe kaɗan a kan ta 130, wadda Ikkilisiya ta daɗe tana yi wa matattu addu'a da ita. Ta fara daga ƙasan rami, ta yarda cewa in Allah yana lissafin laifi ba wanda zai tsaya, sa'an nan ta kwatanta mai jiran Ubangiji da mai tsaro da yake jiran wayewar gari. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. A zamanin dā kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa. Rana ta faɗi a rufe, gari ya waye a buɗe. Mai tsaron nan ba shi da ikon jawo asuba ko da taƙi ɗaya, amma bai taɓa shakkar za ta zo ba. Begen Kirista ke nan. Hausawa sun ce kome nisan dare gari zai waye. Mu kuwa mun san dalilin, gama da asubar ranar Lahadi aka tarar da kabarin Yesu ba kowa.

Sa'ad da mutuwa ta zo ta hannun mutum

Ba za mu tsallake wannan ba, domin Kano ta ɗanɗana shi. Ran 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka faɗa wa Kiristoci suna sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Ran 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a majami'ar Katolika ta Sen Charles a Sabon Gari mutane suna fitowa daga Mas. Ran 28 ga Nuwamba na shekarar nan kuma aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin birni, kusa da gidan Sarki, mutane fiye da 100 suka rasu. Hawaye sun zuba a cikin ganuwa da wajenta.

A irin wannan jana'iza zuciya takan nemi zaburan da suke kiran hukunci a kan maƙiya, kuma akwai su cikin Littafi. Amma ku duba jerin nan na 10 da kyau. Ta 27 da ta 143 sun ambaci maƙiya, ba su ɓoye cewa akwai mugunta a duniya ba, duk da haka baitocin da aka zaɓa domin jana'iza suna kai mu ga neman fuskar Allah da jinƙansa. Samari suna tsaye a bakin kabari da jini mai zafi, abin da muka rera shi za su tafi da shi gida. In mun ba su ramuwa, wani gida zai yi makoki gobe. A kan gicciye Ubangijinmu ya yi addu'a da Zabura 22 cikin azaba, ya miƙa ruhunsa da Zabura 31, ya kuma roƙa wa masu kashe shi gafara. Ta 122 tana ƙarewa da roƙon salama a cikin ganuwar birni saboda 'yan'uwa da abokai. Ba abin da zai hana mu tuna da Kano sa'ad da muke rera ta.

Ku tuna kuma da waɗanda sukan zo mana ta'aziyya. Abokin ciniki daga Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, maƙwabci, abokin aiki, sukan zo su zauna a tabarmarmu su ce, "Yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Musulmi sun san Zabura da sunanta, littafin da Allah ya ba Annabi Dawuda. In an karanta ta da Hausa mai kyau, a natse, a addu'ar dare, su ma suna ji. Bari su ji yadda Kirista yake kuka, da kuma wurin wanda yake kai kukansa.

Tambaya ta biyu: mene ne karatu na fari?

Tun da zabura amsa ce, sai ta dace da abin da aka karanta. Ga shawara. In an karanta Ishaya 25, inda Allah ya shirya biki a kan dutse ya share hawaye, ta 23 ta dace domin ita ma tana da tebur da aka shirya. In Ayuba 19 ne, inda yake sa zuciya zai ga Mai Fansarsa, ku ɗauki 27. In Makoki 3 ne, wadda take koyar da jira a natse, ku ɗauki 130. In Hikima 3 ne, a kan rayukan adalai a hannun Allah, 116 ta yi. In Makabiyawa na Biyu sura 12 ne, inda aka yi hadaya saboda matattu, 143 ko 103. A kwanakin Ista akan ɗauko karatu na fari daga Sabon Alkawari, in kuwa Wahayi 21 ne, sabuwar Urushalima, ba kamar 122. Littafin Hikima da na Makabiyawa ba su cikin kowane bugu na Littafi Mai Tsarki na Hausa, don haka mai karatu ya nemi bugun da yake da su tun kafin ranar.

Tambaya ta uku: jama'a za su iya amsawa?

Zaburar da mawaƙa kaɗai suka iya, jama'a suna kallo, ba ta yi aikinta ba. A zaɓi amshi gajere, da harshen da yawancin masu makoki suke ji. A Sabon Gari taro ɗaya yakan haɗa Bahaushe, Ibo, Bayarabe, Tibi da mutanen kudancin Kaduna, sau da yawa kuwa Hausa ce take haɗa su. Mai rera ya koya wa jama'a amshin kafin a fara. Kada a ɗora wa ɗan marigayi ko matarsa rerawa in murya za ta karye. Aikin jama'a ne su ɗauke su a ranar. In kuma zabura 2 suka kama zuciyarku, ba a rasa wuri ba. Ɗaya a addu'ar dare, ɗaya a Mas. Ta 121, wadda take ɗaga ido ga duwatsu ta sami taimako wurin Mahaliccinsu, tana cikin addu'ar yamma ta matattu, ta 118 da ta 42 kuma akan rera su a hanyar makabarta.

Ga waɗanda aka binne nesa da gida

Da yawa cikin Kiristocin Kano baƙi ne, iyayensu sun zo bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911. In an yi rasuwa sai a shiga damuwa, a kai gawa gida ko a binne a nan? Wani iyali yakan ci bashin da zai daɗe yana biya, wani kuma ya binne a nan ya zauna da jin kunya. Ku ji labarin Monika, mahaifiyar Agustin mai tsarki, mutanen Afirka ta Arewa, ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ta riga ta shirya kabarinta kusa da na mijinta a garinsu, amma ajali ya same ta a Ostiya ta ƙasar Italiya a shekara ta 387, tana da shekara 56. Ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai su tuna da ita a bagaden Ubangiji. Da ta cika, jikanta ya fashe da kuka, sai abokinsu Ebodiyus ya ɗauki littafin Zabura ya fara rera ta 101, dukan gidan suna amsawa. Agustin da kansa ya rubuta wannan, ya kuma faɗa cewa daga baya ya yi kuka shi kaɗai a gaban Allah. Bishop na farko na Kano, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, Patrick Sheehan, da John Namaza Niyiring wanda ya gaje shi a 2008, dukansu 'yan ƙungiyar Agustin ne. Abin da aka yi a gidan Monika shi muke yi har yau: ɗaya ya ɗauki baiti, sauran su amsa. Ƙasar Kano ma ta Ubangiji ce, ba kuwa za ta ɓoye masa kowa ba ranar tashin matattu.

Shawararmu ta ƙarshe, 'yan'uwa, kada mu jira ranar. A cikin mako 2 masu zuwa mu karanta zaburan nan 10 a addu'ar iyali, ɗaya kowace yamma. Ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan amintattu da suka rasu, lokaci ne mai kyau na yin wannan. Dattawa su faɗa wa 'ya'yansu wadda suke so, a rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki da lambarta ta Hausa. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne. Kyauta ce ga waɗanda za mu bari, domin ranar da bakinsu ya mutu za su tarar mun riga mun ajiye musu abin faɗa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba mai jinƙai, kai ne ka ba bayinka Zabura domin su yi maka kuka su kuma yabe ka. Ka dubi gidajen da suke makoki a Kano, cikin birni da waje. Ka karɓi 'yan'uwanmu da suka riga mu, ka gafarta musu, ka ba su hutawa a wurinka. Ka riƙe gwauraye da marayu, ka kawar da ramuwa daga zukatan samarinmu, ka ba garinmu salama. Ka koya mana jira har gari ya waye. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.